Mamacin da Ke Zuwa Karɓar Makulli a Kalgo

Tun da na dawo daga Kalgo ba ku bar ni na huta ba. A bakin masallaci a tare ni, a majalisa a tare ni, har a makarantar da nake koyarwa malamai sun fara bi na ofis da tambaya. Kalgo ce fa jama'a, ba Makka na je ba, kuma kwana ɗaya tal na yi. Amma na san abin da ke cin ku. Wani mai dogon baki ya baza a gari wai an ga Yaya Sambo a can, alhali da hannuwanmu muka sa shi a kabari wata biyu da suka wuce. To zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Bayan wannan duk wanda ya ƙara tare ni da maganar, ransa zai ɓaci.

Ga wanda bai san gidanmu ba, sunana Haliru, Sambo kuma wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ya bar mana littattafai rubutun hannu cikin gafaka bakwai, gara da laima sun daɗe suna rabon su. Yaya Sambo yana aiki da wata cibiya a Kalgo mai adana tsofaffin takardu, shekara uku yana ɗaukar hoton littattafan nan shafi-shafi a ɗakinsa na karatu da ke cikin gidanmu a nan Gwandu. Na ƙarshe da ya ɗauka shi ne wanda ya fi mana komai. A ciki kakanmu ya rubuta asalin gidanmu, wa ya haifi wa, da malaman da ya yi karatu a gabansu. A shafukan ƙarshe kuma mahaifinmu ya ɗora da hannunsa, ya rubuta haihuwar kowannenmu. Ina tsaye ranar da Yaya ya buɗe shi. Duk shafin da ya ɗaga ya ɗauka, kafin ya kife shi ya ruguje ya zama gari. Ya dube ni ya ce, "Haliru, wagga buɗewa ita ce ta ƙarshe." Bayan mako guda ciwon ciki ya kayar da shi, kwana uku ya yi a asibiti Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta Baffa Modi, ƙanen mahaifinmu, ya garƙama wa ɗakin kwaɗo. Matar Yaya, Saudatu, wadda muke ce wa Maman Nana, tana da ciki wata huɗu a lokacin, gado kuwa ba ya rabuwa sai an ga abin da ta haifa. Wayar Yaya, kwamfutarsa, kyamararsa, duk suna ciki. Baffa ya ce, "Ko allura ba ta hita wanga ɗaki sai an haihu," ya zura makullin a aljihun 'yar cikinsa. Wanda ya san Baffa Modi ya san magana ta ƙare kenan.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Littafin ya riga ya zama gari, hotunan nan su kaɗai suka rage, kuma ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannuna ba. Na dai sha jin Yaya yana cewa yana tura su gajimare ta hanyar wurin aikinsa. A tunanina abin kamar karɓo hoton biki ne a shago, ka je ka faɗi sunanka a miƙo maka. Da na gaya wa Baffa zan tafi, sai ya ce ba a zuwa neman kayan mamaci hannu sake. Ya sa na karɓo takardar mai unguwa mai shaida ni ƙanen marigayi ne, na kuma ɗauki takardar shaidar rasuwa da asibiti suka ba mu. Na linke su na sa a ambulan, ina jin kaina mutum mai tsari.

Ranar Litinin da safe na isa tasha. Ina tsaye na juya baya ina gyara hula, sai na ji wani ya saki salati a bayana. Direba ne, Mamman, goron da ke hannunsa ya faɗi ƙasa. Kun san kamata da Yaya, har tafiyarmu ɗaya ce. Ashe shi ke ɗaukar sa kowace Litinin. Da ya dawo hayyacinsa sai ya yi min gaisuwa, ya rantse sai na zauna gidan gaba, wai nan ne mazaunin Malam. Na zauna. Amma tun daga Gwandu har muka rabu bawan Allahn nan bai yarda ya haɗa ido da ni ba, in zai yi min magana sitiyari yake kallo.

A bayanmu akwai wata dattijuwa daga Dodoru da kaji huɗu a kwando, bakinta bai rufu ba ko na minti ɗaya. Ta tambayi kowa inda za shi da abin da zai yi. Da ta zo kaina na ce zan karɓo littattafan kakanmu da aka ajiye a gajimare. Ta leƙa ta taga ta dubi sama, ta dube ni, ta ja kwandonta ta matsa can gefe. Ba ta ƙara ce min uffan ba, na kuwa gode wa Allah.

Kafin Ambursa taya ta fashe. Aka fito da ta ajiya, ita ma ba iska. Mamman ya tare babur ya tafi da ita faci, ya bar mu gindin wata tsamiya. Awa uku cur! Kajin dattijuwa suka fara haki, ta buɗe kwando ta ba su ruwa, ɗaya ta tsere cikin gero, manya da gemu muka bi ta da gudu har rigata ta kama ƙaya ta yage. Wani manomi da ke cire ciyawa a kusa ya ji tausayinmu ya kawo mana gasasshiyar masara. Ba don shi ba da azumin dole muka yi. Sai bayan azahar muka shiga Birnin Kebbi, na sauya mota zuwa Kalgo. Fadama ta cika da ruwa dama da hagu, shinkafa ta yi kore shar, amma ni agogo nake kallo.

Ƙofar cibiyar nan ita ce iyakar da na ƙetare. Mai gadin, wani tsoho mai kama da tsohon soja, yana ɗaga kai ya gan ni ya miƙe zumbur, littafin baƙi ya zame daga cinyarsa. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ƙanensa ne." Ya daɗe yana kallo na kafin ya zauna. Daga nan ya rubuta sunana, da garinmu, da wanda na zo gani, da ƙarfe nawa na shigo, sannan ya rataya min wani kati a wuya kamar ɗan maraƙin da za a kai kasuwa. Mu a Gwandu sallama kawai kake yi, in an amsa ka shiga. Nan ko da an san fuskarka sai kati ya yi magana.

Aka ce wadda ke kula da harkar kwamfuta, Malama Ladi, ta tafi Birnin Kebbi, sai gobe. Aka nuna min ofishin akawu, Malam Isa, mutum mai fara'a. Yana cikin waɗanda suka zo mana ta'aziyya, ya ma gane ni. Muka gaisa, ya yi wa Yaya addu'a. Babu wanda ya tambaye ni komai. Ni da kaina, don a san ɗan gidan mutunci ne ya zo, na zaro takardar shaidar rasuwa na ajiye masa a tebur. Ya ce, "Madalla, da ma ita kaɗai muke jira. Kowa ya san Malam ya rasu, amma a takarda har yanzu ma'aikacinmu ne." Ya buga mata hatimi ya sa a tire, ya ce lokaci ya ƙure, gobe da safe zai shigar. Na fito ina murmushi, wai na yi abin kirki.

A gidan Garba na sauka, abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare. Mutanen Kalgo dai sai a bar su da kifi. Tuwon shinkafa da miyar kifi, ga soyayyen kifi a gefe, da na ce a ba ni ruwa sai da na shinshina kofin. Garba ya ce mu Gwandawa ai da fura aka yaye mu, ba mu san daɗin duniya ba. Na ce gara fura, ba ta da ƙaya. Sauronsu kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, da safe fuskata ta kumbura har matar Garba ta rufe baki da mayafi tana dariya sa'ad da ta kawo mana masa da kunu.

Ƙarfe tara da kwata ina gaban Malama Ladi. 'Yar Zuru ce, gajeriya mai tabarau, Hausarta tas. Ita ba ta yi salati ba, ta dai cire tabarau ta goge ta mayar. Na ba ta takardar mai unguwa, ta kira shugabansu a waya, ya yarda a buɗe min a matsayin baƙo daga iyalin marigayi. Na ce to a miƙo min hotunan.

Ta ce, "Malam Haliru, ai hotunan ba a nan suke ba. Suna rumbun wani kamfani a ƙasar waje, manyan kwamfutoci ne da ake haya, su ne ake ce wa gajimare. Kamfanin bai san ka ba, bai san Malam Sambo ba, bai ma damu ya sani ba. Mu ya sani. Za ka zo ƙofarmu ka faɗi sunanka da kalmar sirrinka, mu tura lamba wayarka don mu tabbatar kai ne. Sai mu shaida wa kamfanin cewa wannan namu ne. Shi kuma ya ba ka makulli."

Na ce, "Ai kamar mai unguwa kenan, in ya kai baƙo gidan da zai sauka."

"Kusan haka. Sai dai makullin na awa ɗaya ne. Awa na cika ya mutu, sai ka dawo mu sake tsaya maka."

Na ce ikon Allah! Mu in an tsaya wa mutum sau ɗaya an san shi kenan, har jikansa sai ya ci albarkacin. Wane irin sani ne wannan da ke ƙarewa kafin a dafa shinkafa? Ta ce don ko ɓarawo ya sace makullin, kafin ya yi nisa ya zama banza a hannunsa. Maganar kuwa ta shige ni.

Ta zaunar da ni gaban kwamfutarta, na zaɓi kalmar sirri, lambobi shida suka shigo wayata. Kafin in gama nemo su da yatsa ɗaya sun mutu, wasu sun zo. Sau uku muna haka, gumi ya keto min, na fara zagin wanda ya ƙirƙiro abin. A na huɗu ya karɓa. Allon ya nuna an ba ni makulli daga tara da rabi zuwa goma da rabi. Ta danna wani wuri, sai ga rubutun kakanmu ya cika allon, baƙin tawada da ja, har da tabon da fitila ta yi wa gefen takardar. Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta sa filashi ta fara kwafe min.

Na ce ta nuna min littafi na ƙarshe. Ta buɗe. Muka bi shi har shafi na tamanin da takwas, sai ya tsaya. Na ce ai ɗari da ashirin ne, ina wurin aka ɗauka, kuma rubutun mahaifinmu yana can ƙarshe. Ina sauran? Ta dubi agogon bango, goma saura minti biyar. Ta tashi ta tura ƙofar ofis ta rufe.

Ta ce, "Akwai abin da zan nuna maka, amma ka zauna da kyau."

Ta buɗe wani dogon jeri, ta ce nan ake rubuta duk wanda ya zo ƙofa aka ba shi makulli. Ta sa yatsa a kan wani layi. Sunan Yaya Sambo ne, jiya ƙarfe goma na safe. Na sama da shi, shekaranjiya ƙarfe goma. Ta yi ta ja sama, sunan bai yanke ba. Na ga ranar addu'ar arba'in, na ga ranar bakwai, na ga washegarin ranar da muka binne shi, lokacin muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Kullum ƙarfe goma ya karɓi makulli, sha ɗaya ya karɓi na biyu, sha biyu ya tafi. Ina cikin kallo agogon bango ya buga goma, sai wani sabon layi ya fito a ƙasa shi kaɗai, babu wanda ya taɓa komai.

Malama Ladi ta ce a hankali, "Ga shi nan ya zo. Bai taɓa makara ba."

Na miƙe har kujera ta kife. Duk addu'ar da ta zo bakina na karanta, wasu ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Ban ji kunya ba, kuma ko yanzu ba na jin kunyar faɗa, tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Ta ɗaga kujerar ta ce in zauna. Ta ce kwamfutarsa ce. Tana can a kunne a ɗakinsa, sola na ba ta wuta. Kafin ya kwanta ciwo ya shiga ƙofar da kansa, aka ba kwamfutar izini mai tsawo, na wata uku, wanda da shi take zuwa ta karɓi makullin awa ɗaya ba tare da an sake tambayar sa kalmar sirri ba. Ya kuma tsara mata ta riƙa farkawa da hantsi, lokacin da rana ta hau kuma sabis ya ɗan fi ƙarfi a Gwandu, ta yi awa biyu tana tura hotuna. Hotunan manya ne, sabis ɗin kuma kun san shi, shafi takwas take iya turowa a rana. Aikin littafi huɗu ya tara mata, ta yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, yanzu tana kan na ƙarshe.

"Tun makon farko na gani," in ji ta. "Na kwana biyu ban ci abinci ba kafin na gane mene ne. Lambarsa kaɗai gare ni, ita kuma a kashe. Na kuma ji tsoron in labari ya kai gida wani ya fasa ɗakin ya kashe ta. In ta mutu, da ta tashi kalmar sirrinsa za ta nema, duk abin da ke cikinta kuma a kulle yake. Ƙa'ida ta ce in takardar rasuwa ta zo a rufe ƙofar mutum. Ni ban ga takarda ba, ban kuma je neman ta ba. Saura shafi talatin da biyu, kwana huɗu kenan. Don Allah Malam Haliru, in kun zo da wata takarda, ka riƙe ta a aljihunka zuwa Juma'a."

Ƙofa na fizga na fita da gudu, katin wuyana yana dukan fuskata, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ɗauka ba. Na faɗa ofishin Malam Isa ko sallama babu. Ya ɗago da fara'arsa ya ce, "A'a, Malam Haliru! Ka ga yanzun nan na gama shigar da takardarku, ita na fara yi." Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi a kan lokaci.

Da na koma, sunan Yaya ya dusashe a allon Malama Ladi, ta dafe kai da hannu biyu. Nan fa zuciyata ta ɗebe ni. Na ce ta mayar da shi, ai ita ce mai ƙofar. Na ɗaga murya, na faɗi maganganun da ba su dace da ni ba, har na ce ba littafin kakanta ba ne shi ya sa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ko na sake buɗe sunansa, izinin da ke cikin kwamfutar ya riga ya mutu tare da rufewar. Sabo kuma sai an zauna gabanta an sa kalmar sirrinsa. Wa ya san ta? Kuma Malam, abin nan shaida ce. Jiya ina iya cewa ban ga takarda ba. Yau in na ce musu mutumin nan namu ne yana nan, ƙarya na yi." Wata biyu matar nan tana gadin aikin wana ita kaɗai, ni na zo na rushe shi a wuni guda, kuma ni ke mata ihu. Na ba ta haƙuri, har yau ina jin nauyin abin.

Ta ce abu ɗaya ya rage. Makullin da ya karɓa ƙarfe goma yana hannunsa, ba a ƙwacewa, zai yi aiki har sha ɗaya. Muka ja kujeru muka zauna. Nawa makullin ya mutu goma da rabi, na sake sa kalmar sirri, lambobi suka shigo, aka ba ni sabo nan take. Shafi na tamanin da tara ya riga ya iso, na casa'in ya biyo baya. Suna fitowa ne a hankali daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, daga ɗakin da ke kulle da kwaɗo a Gwandu, da sunan mutumin da na zuba wa ƙasa da hannuna.

Malama Ladi ta ce in kira gida in ce kada kowa ya taɓa wayar sola. Ba ta yi min alkawarin komai ba, ta dai ce muddin kwamfutar ba ta mutu ba, wataƙila wata rana a sami gwanin da zai iya wani abu. Na kira Saudatu, tunda ita ke gida tana takaba, ɗakinta kuma bango ɗaya ya raba shi da na karatun. Na yi mata bayani iya yadda na fahimta.

Can ta ce, "Ashe ita ce nika ji."

Na ce, "Me kike ji, Maman Nana?"

"Kullum da hantsi, in kun watse wurin aiki, sai in ji wani ɗan gunji ta bango, kamar dai yadda nika ji in Malam ya zauna aiki. Tun washegarin rasuwa. Ban gaya ma kowa ba, kar a ce na taɓu, ko Baffa shi kawo masu hayaƙi. Sai in ɗauko tabarma in jingina da bangon. Na ce ko barin shi aka yi shi zo shi ƙarasa. Ko yanzu shina nan, ina jin shi."

Ban iya kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba. Na casa'in da ɗaya ya iso. Na casa'in da biyu ya fara sauka sha ɗaya saura minti goma, muka zuba masa ido ba mai motsi. Rubutun kakanmu ne, layukansa na ƙarshe, inda ya yi addu'a ga wanda zai ɗora bayansa. Da hoton ya kai ƙasa sai ga babban yatsan Yaya a kusurwa ya danne takardar don kada ta tashi, da tabon nan da lauje ya yi masa muna yara. Shafin da ke bi masa shi ne farkon rubutun mahaifinmu.

Agogo ya buga sha ɗaya. Sabon layi ya fito da sunansa, a gabansa an rubuta an hana. Bayan minti ɗaya ya sake fitowa, an hana. Ya sake na uku. Daga nan ba abin da ya ƙara fitowa. A kunnena Saudatu ta ce, "Ya yi shiru."

Dawowata ba ta da labari. Na karɓi filashi, na mayar wa mai gadi katinsa, na tsinci takalmina a bakin baranda. Mota ba ta lalace ba har Gwandu. Kai tsaye wurin Baffa Modi na wuce na zayyana masa komai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ni na ce ka tahi da takarda." Tun da nake ban taɓa jin Baffa ya ɗauki laifi ba sai ranar. Bai ce zai buɗe ɗakin ba, ni ma ban roƙa ba, don buɗewar ba abin da za ta ƙara. Shafi ashirin da takwas suna nan cikin kwamfutar, da sunana da na Yaya da na duk 'yan'uwanmu a rubuce da hannun mahaifinmu. Abin da aka gani a Kalgo kenan, masu cewa an ga Sambo sai su gyara bakinsu.

Washegari ban je makaranta ba. Na jingina tsani na hau rufin na goge faifan sola da tsumma, yanzu kullum da shi nake fara wuni. Na sauko na zauna a tsakar gida kusa da bangon. Ƙarfe goma daidai na ji shi da kunnena, ɗan gunji siriri daga cikin ɗakin. Bai fi minti uku ba ya ɗauke. Wayata ta yi ƙara, saƙon Malama Ladi ne, ta ce ya zo, ba a ba shi ba.

Daga bayan labule Saudatu ta ce, "Malam Haliru, an buɗe mai?"

Na ce, "A'a."

Na ji ta tana naɗe tabarmarta. Ta ce, "To, gobe ma shina zuwa."